Ku Duba Ƙafar Mota Kafin Alaimen

'Ya'yana masu koyon aikin gareji, ga wata magana da nake so ku riƙe game da motar da aka kawo ana cewa tana ja gefe, ko sitiyarinta ya karkace, ko tana cin taya. Mai mota zai ce muku, "Alaimen kawai za a yi mata," domin sunan da ya sani ke nan. Ku amsa masa da ladabi, amma kada ku yi gaggawar ɗaukar sifana. Alaimen shi ne aikin ƙarshe a gyaran ƙafar mota. Motar da kuka ga ta dawo bayan mako guda da ciwonta na da, sau da yawa an yi mata shi ne tun ba a duba sauran ba.

Ku fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ku sa geji a tayoyin nan huɗu tun ba su ɗau zafi ba. Adadin iskar yana rubuce a jikin ƙofar direba, a ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 da 35 ne. Taya ɗaya ta gaba da iskarta ta ragu ta isa ta riƙa jan mota wajenta. In iska daidai take, ku musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu. Idan jan ya sauya gefe, laifin taya ne. Birki ma yakan kama a ƙafa ɗaya, za ku gane da zafin rim ɗin bayan 'yar tafiya. Kuma ku tuna tun 1972 muke tuƙi a hannun dama a Najeriya, tsakiyar kwalta kuwa tudu ce don ruwa ya gangara, saboda haka motar da ke ɗan zamewa dama a hankali ba lallai ta zama mai ciwo ba.

Rawar sitiyari kuma daban ce. Wadda ke tasowa in an kai gudun kilomita 80 zuwa 100, yawanci balansi ne ko rim ya lanƙwashe. Wadda ke zuwa sai an taka birki, ku nemi faifan birki.

Daga nan sai ku ɗaga mota, kuma don Allah kada ɗayanku ya shiga ƙarƙashinta jak kaɗai ke riƙe da ita. Ku kama tayar ta gefe da gefe ku girgiza. In kun ji wasa, ku duba tayarod da rak. Ku kama ta sama da ƙasa. Wasa a nan na boljoyin ne ko boris. Ku leƙa bushin ko sun tsage, ku ga robar rak ko ta yage ƙasa tana shiga. Duk saitin da aka yi a kan ƙarfen da ke wasa, ramin farko ne zai warware shi, mai mota ya biya kuɗi a banza, tayarsa kuma ta ci gaba da cinyewa.

Bari in daɗe a kan tayarod, domin shi ne ya fi damuna. Ɗan ƙarfen nan shi ke kai umarnin hannun direba zuwa taya. In ya cire ana cikin gudu, tayar ta juya inda ta so, sitiyari kuma ya zama banza a hannun mutum. Ku dubi Sharon ko Golf da ke tashi daga tasha cike da mata da yara, Kano zuwa Zariya, ku san rayukan nan duk suna rataye da notin da kuka ɗaure. Tayarod da ya lanƙwashe ba a gasa shi a miƙe, ba a yi masa walda, wanda kansa ya ci kuma ba a bubbuga shi don ya daina ƙara. Canzawa ake yi. Na san halin da ake ciki, direba zai roƙe ku ku lallaɓa masa zuwa ƙarshen wata. Ku tausaya masa a kuɗin aiki, ku yafe ma in kuna da hali, amma wannan ƙarfen kada ku lallaɓa shi. In za ku cire tsohon, ku ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya fita, ku mayar da sabon haka nan, ya kai mota wurin saiti lafiya.

Sai ƙafa ta yi lafiya sannan a zo ga alaimen. Abu uku ake aunawa: yadda bakin tayoyin ke fuskantar juna, yadda taya ke jingina ciki ko waje, da kwanciyar da ke dawo da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana. Tafin hannunku zai gaya muku da yawa. In kun shafa taya kun ji kaifi kamar haƙoran zarto, na farkon ne ya kauce. In gefe ɗaya ne ya sulɓe sumul, yawanci jinginar ce. A zamanin Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna, da igiya muke saiti, kuma tana aiki, amma na farkon kaɗai take nunawa. Ku koyi na kwamfuta, 'ya'yana, yanzu lokacinsa ne.

Ku daidaita sitiyari a tsakiya kafin ku fara, ku raba juyin tsakanin tayarod na dama da na hagu. Kada ku cire sitiyarin ku sake dasa shi don ya miƙe a ido. A motocin yanzu wayar hon da ta jakar iskar da ke kare direba a bayansa take, tana iya tsinkewa. In kun gama, ku ɗaure noti sosai, ku mayar da ɗan fil ɗin da ke hana shi kwancewa in akwai, sannan ku fita gwaji a shimfiɗaɗɗiyar hanya tare da mai motar, ku ba shi ya tuƙa da kansa kafin ku karɓi kuɗinsa.