Ga mai son barin giya a Daɗin Kowa da ke Jos

Ɗan'uwa, taron masu yaƙi da shan giya ba a kafa masa allon talla a bakin titi. Rufin asiri ne ginshiƙinsa, sai da tambaya ake samunsa.

Fara da asibiti. Je sashen masu taɓin hankali da shaye-shaye na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko asibitin mishan na Vom. Tambayi likita ko nas kai tsaye: ina waɗanda aka sallama suke haɗuwa, kuma wace rana? Zuwan yana da wani amfanin. Wanda ya daɗe yana shan goskolo ko burkutu kullum, in ya yanke farat ɗaya, hannu kan kama karkarwa, gumi ya keto, wani har ya faɗi yana shure-shure cikin kwana 2 zuwa 3. Wannan aikin likita ne.

Limami ko faston unguwa ma ka same shi a keɓe, sukan san masu irin wannan zama.

Taron kirki ba shi da wuyar ganewa. A tsarin Alcoholics Anonymous, wanda aka fara a Amurka a 1935, babu kuɗin shiga, sunan farko kawai ake faɗa, kowa ya ba da labarinsa ba mai katse shi. Inda ake saka wa mutane mari ko dukansu, kada ka kusanta.

Ranar farko ba dole ka yi magana ba. Zauna ka saurara, ka karɓi lambar mutum ɗaya da za ka kira da yamma, lokacin da ka saba biyawa mashaya.