Sau Nawa Za a Kira Mai Feshi?

Ɗana,

Allah ya sanya albarka a sabon gida, ya sa kun shiga a sa'a.

Mahaifiyarka ta ce mini tun da kuka tare hankalinku bai kwanta ba. Wai amarya ta kunna fitilar kicin da tsakar dare, ta ga kyankyasai sun watse kamar an ɓarar da gero. Wani mai feshi ya ce maka sai an riƙa yi duk wata. Wani kuma ya ce sau ɗaya ya ishe ka shekara. Ka rasa maganar wa za ka kama. To, matso kusa. Kawunka ya daɗe a aikin duba-gari, ya leƙa bayan randa da ƙarƙashin gado a gidaje masu yawa.

Da farko, kada ka ji kunya. Ƙwaro ba ya tambayar gidan wane ne. Na ga kuɗin cizo a gidan bene mai tayil, na kuma shiga ɗakin ƙasa da ko kiyashi babu. Kada kuma ka ɗora wa yarinyar nan laifi. Mai yiwuwa kun tarar da su ne, sun riga ku tarewa.

Masu feshin nan biyu, kowannensu ya faɗi rabin gaskiya. Gida kamar mutum yake. Akwai mai lafiya da ke neman rigakafi, akwai mai ciwo da ke neman jinya, kuma lissafinsu ba ɗaya ba ne.

Gida mai lafiya, wanda sai jefi-jefi ake ganin ƙwaro, feshi duk bayan wata uku ko huɗu ya wadace shi. Ga dalili. Maganin da ake fesawa a gindin bango da lunguna yana zama a wurin yana aiki, amma ba ya dawwama. Rana tana cin ƙarfinsa, ƙura tana rufe shi, guge-guge suna wanke shi. Yawancinsa in ya yi wata biyu zuwa uku ya yi sanyi. Ni dai ban cika ƙirga da kalanda ba, da yanayi nake ƙirgawa. Ɗaya gab da faɗuwar damina, wajen Afrilu ko Mayu, kafin laima ta tayar da ƙwari. Ɗaya a tsakiyar ruwa, wajen Agusta. Ɗaya da kaka, lokacin da hatsi ke shigowa gida, masu binsa na biye da shi. In gidanka a tudu yake, busasshe, ba ka haɗa bango da kowa ba, sau biyu ma ya isa. In kuwa kana bakin kwata, ko kusa da bola, ko ana sana'ar abinci a gidan, to ka matso da shi zuwa duk wata biyu.

Naka gidan, ɗana, yanzu mai ciwo ne. Kyankyaso ɗan dare ne. In ka ga da yawa lokaci guda, ko ka fara ganinsu da rana tsaka, na ɓoye sun ninka waɗanda ka gani. A nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Sai a yi feshi sau ɗaya, gari ya waye a share gawa cike da abin kwasar shara, a yi hamdala. Bayan wata guda sai ga su sun dawo, a ce mai feshi ya yi ha'inci. Sau da yawa bai yi ba. Ƙwai ne ya ƙyanƙyashe.

Ƙaramin kyankyason nan na kicin, mai ratsi biyu a bayan kai, macensa tana yawo da wani ɗan kwanso a gindinta. A cikinsa akwai ƙwai 30 zuwa 40, kuma sai ya yi kamar mako huɗu kafin 'ya'yan su fito. Feshi ba ya ratsa kwanson nan. Saboda haka dole mai feshi ya dawo bayan mako biyu zuwa huɗu, ya tarbi 'ya'yan tun ba su isa yin nasu ƙwan ba. A yi haka wata biyu ko uku a jere. In gida ya yi tsit, sai a koma lissafin mai lafiya. Ka tambaye shi kuma ko yana da irin maganin nan mai kauri da ake ɗigawa a saƙo da bayan firji. Su ci, su koma maɓoyarsu su mutu, kuma ba ya cika ɗaki da wari. Shi kuwa babban kyankyaso ja mai tashi, gidansa masai ne da sokawe. In murfin sokawe ya fashe, ko ka yi feshi kullum za su ci gaba da hawowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kuɗin cizo ya fi kowa naci, Allah ya raba ku da shi. Ƙwansa yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, don haka shi ma sai an dawo bayan mako biyu, wani lokaci har sau uku. Kada wani ya ce maka ka kulle ɗaki yunwa ta kashe shi. Yana iya yin watanni bai sha jini ba, yana nan yana jira. Zafi ne ba ya so. A wanke zannuwan gado da ruwa mai zafi sosai, a goge su da dutsen guga. A fitar da katifa, a bi ɗinkinta da ido, nan za ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an yayyafa tawada. A kwance gado a duba mahaɗar katako. Kuma ka yi hattara da katifa ko kujerar gwanjo. Ƙannenka in sun zo hutu daga makarantar kwana, a buɗe akwatinsu a tsakar gida cikin rana kafin ya shiga ɗaki. A yi musu cikin raha, kada su ji an ƙyamace su.

Gara kuma aikinta daban. Ba ta cizo, ba ta ƙara, shi ya sa ake mantawa da ita. Ina da akwatin katako da kakanka ya bar mini, cike da littattafansa. Na jingina shi da bango na yi damina biyu ban motsa shi ba. Ranar da na ɗaga murfin, daga sama komai lafiya lau. Da na sa hannu na ɗauko na farko, sai bangonsa kawai ya biyo ni, cikin ya zama ƙasa. Na daɗe a durƙushe a wurin. Har yau in na tuna sai na ji a raina. Tun daga nan na ɗauki ɗabi'a: sau ɗaya a shekara a kira wanda ya san gara ya zagaya gida, ya hau silin, ya ƙwanƙwasa ƙyaure da dogarin ƙofa. Katakon da aka cinye cikinsa yana amo kamar ganga. Ka lura da siririyar hanyar ƙasa da ke hawa bango. Ka lura da fikafikan shinge a gindin taga bayan ruwan farko. In ka kankare hanyar, ba ka yi komai ba, don uwarsu tana can ƙarƙashin ƙasa tana zuba ƙwai. Ran da Allah ya hore maka gina naka, ka sa a zuba maganin gara a ramin tushe kafin a ɗora bulo. Wannan yana kare gida shekaru, kuma ya fi sauƙi a kan huda daɓe daga baya.

Ɓera ba a fesa masa magani, toshe masa hanya ake yi. Ƙaramin ɓera yana bi ta ramin da biro zai shiga, cikinsa kuma mako uku ne. Ka ga ke nan biyu ba sa daɗewa a biyu. Kada ka ɗauke shi ɓarawon daddawa kawai. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin wani irin ɓera yake shiga abinci. Ya fi tashi da rani, daga Disamba zuwa wajen Afrilu. Don haka da kaka ka sa a bi gida da siminti da ragar waya a toshe ramuka. Hatsi da gari su shiga mazubi mai murfi. Tarko ya fi guba kwanciyar hankali a gidan da yara ke rarrafe, kaji ke kiwo.

Sauro kuwa, kada ka dogara da mai feshi a kansa. Daga ƙwai zuwa mai cizo kwana 7 zuwa 10 ne a ruwan da ya kwanta. Tsohuwar taya, fasasshen bokiti, gwangwanin madara a bayan ɗaki, duk gidan haihuwarsa ne. Feshin bango irin na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro yana yin wata 3 zuwa 6. Gidan sauro mai magani kuwa yana kai shekara uku in an kula da shi. Ku kwana a ciki kullum, musamman in Allah ya kawo rabo.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, ka saurara da kyau. Abin da ke kashe ƙwaro guba ne, kuma bai san huhun jariri daban ba. Na taɓa zuwa wani gida da sassafe. Maigidan mutumin kirki ne, sauro ne ya hana 'ya'yansa barci. Ya yayyafa fiya-fiya da magariba, ya rufe taga don kada ƙarfinta ya fita, suka shiga suka kwanta. Cikin dare ƙaramar ta fara amai, yawu na dalala, numfashi na sarƙewa. Allah ya taimaka aka kai ta asibiti da wuri, ta tashi. Ba zan manta yadda uban ya zauna a dakali ya dafe kai ba. Garin neman gira ya kusa rasa ido.

Maganin gona na gona ne. Tun a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irensa a kasuwanni da manyan kantuna, ta bar su a hannun dillalan kayan noma. Ƙwayar nan da ake jefawa a buhun wake don ta kashe ƙwari ita ma ba ta ɗakin kwana ba ce. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum, kada ta kwana a ɗakin da ake kwana, ko ɗakin da ke manne da shi. Yawan feshi ba gwaninta ba ne. Wanda ke yi duk mako yana shayar da iyalinsa guba, ƙwarin kuma su saba da maganin har ya daina kama su.

Saboda haka ka zaɓi mai feshi kamar yadda za ka zaɓi mai yi maka allura. Na gari ba ya fara buga famfo daga shigowa. Zai ɗauko tocila ya duƙa, ya tambaye ka me kake gani, a ina, da wane lokaci. Zai tambaya ko akwai mai ciki, ko jariri, ko mai asma. Ka ce ya nuna maka kwalbar maganin da takardarta da lambar NAFDAC a jiki. Wanda ya zo da haɗi a gorar ruwa ba suna, ka ba shi haƙuri ya tafi. Ka tambayi shaidar rajistarsa, don akwai hukumar ƙasa mai kula da sana'ar duba-gari, wadda aka kafa a 2002, ita ke yi wa masu wannan aiki rajista. Kuma tun wajen ciniki ku yi maganar dawowa ta biyu, ta shiga cikin kuɗin. Araha ba ta ado, ɗana.

Ranar feshi a kwashe abinci da ruwan sha da kwanuka, a fitar da yara da dabbobi. Ku tafi wuni gidan mahaifiyarka, za ta ji daɗi. Kada ku dawo sai lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar ya cika, yawanci awa huɗu ko fiye. In kun dawo a buɗe tagogi iska ta ratsa. A wanke duk inda ake ɗora abinci, amma a bar gindin bango kwana biyu ba a goge ba, don nan maganin ke gadi. Ka rubuta ranar da sunan maganin a wani ɗan littafi. In gidan haya ne, ka yi wa maƙwabta magana mai daɗi ku yi rana ɗaya. In kai kaɗai ka yi, za su ƙaura ɗakin maƙwabcinka su huta, su dawo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sauran aikin naku ne, kai da ita. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ƙwaro abu uku yake nema: ci, sha, da wurin ɓuya. Kwanon tuwon da ya kwana ba a wanke ba liyafa ce. Famfon da ke ɗiga rijiya ce. Kwalayen kayan aure da aka jibge a bayan ƙofa gida ne kyauta. In ta gaji da dare, ka tashi ka fitar da sharar da kanka, ba abin da zai ragu a jikinka. Gidan da aka hana ƙwaro waɗannan uku, mai feshi baƙo ne a cikinsa, sau biyu ko uku a shekara ku gaisa.

To, ga lissafinka. A yi feshi wannan makon, a sake bayan mako uku, a duba a wata na gaba. In sun yi shiru, ka huta sai gab da damina. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan biyo bayan masallaci da tocilata, mu ja firjin nan mu ga abin da ke bayansa, mu leƙa murfin sokawe. Ka ce wa amarya kada ta wahalar da kanta da girki. Kunun tsamiya ya ishe ni.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku barci mai daɗi.

Kawunka.