Kada Mu Rataye Kaya Saman Murhu

Mu da muka baro Rusairis da Wad al-Mahi a 2022 mun saba rataye tabarmi da busasshiyar kuɓewa a jikin jinka. A gida rufi yana da tsawo. Nan kuwa ɗaki gajere ne, ga leda, ga kara, zafi kuma sama yake bi. Tartsatsin gawayi ɗaya ya isa.

Iyayenmu mata, don Allah a yi girki a waje, a sauke duk abin da ke saman murhu.

Ƙa'idar sansani ita ce aƙalla mita 2 tsakanin ɗaki da ɗaki. Wannan ratar ta wuta ce, kada a kafa rumfa a ciki. Da dare kada a tokare ƙofa da buhu, yaro ba zai iya ture shi ba.