Na'ura Mai Sauraron Kanta: Yadda Ake Gwada Intakom Daga Nesa

Gabatarwa

Intakom na'ura ce da mutane ke magana da juna ta cikinta a gini ɗaya ko ma'aikata ɗaya. Akan kafa ta a ƙofar gida, da ɗakunan asibiti, da tashoshin jirgin ƙasa, da kuma cikin lifta, wato akwatin nan mai hawa da sauka da mutane a dogayen benaye. Yawancin lokaci shiru take, kuma shirun lafiyayya bai bambanta da na matacciya ba. Idan lifta ta maƙale, wanda ke ciki ya danna maɓalli bai ji kowa ba, to an gano lalacewar a lokacin da ganowar ba ta da amfani.

Saboda haka ne ƙa'idar ƙasashen Turai mai lamba EN 81-28, wadda ta fara fitowa a 2003, ta wajabta wa na'urar neman agaji ta lifta ta kira cibiyarta da kanta aƙalla sau ɗaya cikin kwana 3. Sai dai isar kira ba ya tabbatar da cewa murya za ta fita ko ta shiga. Wannan yana buƙatar gwajin lasifika da makirufo.

Baki da Kunne

Lasifika ita ce bakin na'urar. A cikinta akwai naɗaɗɗiyar waya kusa da maganaɗisu. Idan lantarki mai sauyawa ya ratsa wayar, sai ta yi ta kai da komo, ta girgiza wani faifai, shi kuma ya kaɗa iska, a ji sauti. Makirufo kuwa kunne ne, aikinsa kishiyar wancan: kaɗawar iska tana motsa wani siririn tantani, motsin ya koma siginar lantarki. Ƙaramin makirufon da ya fi yawa a irin waɗannan na'urori, James West da Gerhard Sessler ne suka ƙirƙiro shi a Amurka a 1962.

Matakan Gwaji

1. Kwamfutar cibiya ta aika wa intakom umarni ta waya ko ta intanet.
2. Makirufo ya fara auna hayaniyar wurin kafin a yi wani sauti.
3. Lasifika ta fitar da sauti guda mai sanannen yawan kaɗawa, alal misali kaɗawa 1,000 a daƙiƙa. Akan zaɓe shi daga tsakanin 300 zuwa 3,400, iyakar da wayar tarho ta saba ɗaukar murya.
4. Na'urar ta tace abin da makirufo ya ji, ta ware wannan sautin daga sauran hayaniya, ta kwatanta ƙarfinsa da wanda aka adana ranar da aka kafa ta.
5. Ta aika da sakamako zuwa cibiya. Idan sautin ya yi rauni ko bai iso ba, sai a tura ma'aikaci.

A nan akwai abin lura. Duk wanda ya halarci taro ya san ƙarar nan mai huda kunne da ke tashi idan makirufo ya kusanci lasifika. Don haka akan sa wa intakom tsarin da ke share muryar lasifika daga abin da makirufo ya ɗauka. A lokacin gwaji dole a kauce wa wannan tsari, domin abin da ake gudu kullum shi ne ake nema a wannan lokaci.

Iyakar Gwajin

Faɗuwar gwaji ba ta nuna wanne ne ya lalace, bakin ko kunnen, tunda sautin ta dukkansu yake bi. Wani lokaci ma dukkansu lafiya suke, ƙura ce ko gidan zanzaro ya toshe kafofin murfi. Har ila yau, ƙarar injin ko ta mota tana iya rufe sautin. Shi ya sa akan yi gwajin da dare, a kuma maimaita shi kafin a yanke hukunci.

Aiki Don Ɗalibai

A sami wayar hannu biyu. Ɗaya ta fitar da sauti guda, ɗayar ta naɗa daga tazarar santimita 10. A maimaita bayan an rufe kafar makirufo da yatsa, sannan a sake a wuri mai hayaniya. A saurari naɗin uku, a amsa wannan tambaya: da sakamakon kawai aka gani, ta yaya za a bambance toshewar makirufo da mutuwar lasifika?