Ko Malamanmu Na Da Sun Yi Rubutu A Kan Tattalin Arziki?

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne, ina karatun tattalin arziki a nan Bauchi. An koya mana labarin wani masani ɗan ƙasar Holan, Bernard Mandeville, wanda ya ce wai son zuciya da almubazzaranci su ke arzuta ƙasa. Maganar ta tsaya mini a rai. Wane ne shi? Kuma mu ba mu da wani malami na da da ya yi nazarin irin wannan al'amari ne, sai dai kullum mu karanta na Turawa?
Daga wani ɗalibi, Unguwar Jahun, Bauchi.

AMSA: Muna da shi, ɗana, kuma bai yi nisa da ƙofar gidanku ba, domin biyu daga cikin rubuce-rubucensa ya rubuta su ne ga Sarkin Bauchi na farko. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello nake nufi. Amma bari mu fara sallamar baƙon.

An haifi Mandeville a birnin Rotadam a 1670. Likita ne, ya gama karatunsa a Jami'ar Laiden a 1691, sannan ya koma Landan da zama, a can ya rasu a 1733. A 1705 ya fitar da wata waƙa a kan amyar ƙudan zuma, a 1714 kuma ya faɗaɗa ta ta zama littafi. Labarin gajere ne. Amya ce mai arziki, amma kowa a cikinta yana da kwaɗayi da son a gani, wasu ma da ha'inci. Ranar da aka mayar da su duka masu gaskiya da ƙana'a, sai ciniki ya tsaya, masu sana'a suka rasa aiki, amyar ta watse. Abin da yake son nunawa shi ne munanan halayen mutane ɗaiɗai su ke haifar da amfanin jama'a. A 1723 masu taya alƙali shari'a a gundumar Midilses suka ayyana littafin a matsayin fitina ga al'umma, Adam Smith ma ya soke shi a 1759.

Kada ka yi saurin watsar da shi, akwai ƙanshin gaskiya a maganarsa. Ka shiga kasuwar Wunti ana saura mako guda Salla, ka dubi teloli da masu shadda da masu hula. Yawancin abin da ke juya kuɗin nan ba larura ba ne, kwalliya ce. Inda ya kauce hanya shi ne da ya haɗa sha'awar ado da ha'inci a ƙwarya ɗaya. Mai sayen sabuwar riga yana ciyar da tela, mai tauye mudu kuwa kasuwar yake kashewa, don gobe ba wanda zai yarda da awonsa. Akwai kuma wani ra'ayinsa da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba: a bugun 1723 ya yi adawa da makarantun da ake buɗe wa 'ya'yan talakawa kyauta, yana ganin ƙasa na buƙatar matalauta marasa ilimi da za su yi aikin wahala ba musu.

To, mu dawo gida. An haifi Bello a 1781, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, ya yi karatu a wurin mahaifinsa da baffansa Abdullahi. Shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, ya zama Sarkin Musulmi bayan rasuwar Shehu a 1817, ya rasu a Wurno a 1837. Bambancinsa da Mandeville na farko ke nan: wancan likita ne mai kallon kasuwa daga gefe, wannan kuwa ƙasa aka ɗora masa bayan shekarun yaƙi, da gonakin da aka gudu aka bari, da hanyoyin fatake da suka rufe. Duk abin da ya rubuta, gari na wayewa sai ya fuskanci sakamakonsa.

A littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya jero tushe bakwai na mulki. Ɗaya daga cikinsu, da a yau aka rubuta shi, da sai a kira shi tsarin raya ƙasa. Ya ɗora wa sarki nauyin kula da masu sana'a: manoma, maƙera, maɗinka, marina, masu magani, mahauta, masassaƙa. Bai tsaya a kula ba, ya ce a rarraba su ta yadda kowane gari zai sami nasa gwargwadon buƙata. Ya ce a kwaɗaitar da jama'a noma da ajiyar abinci, a cika garuruwa da ƙauyuka da mutane, a gina ganuwa da gadoji, a gyara kasuwanni da hanyoyi.

Ka tsaya ka yi tunanin abin da wannan ke nufi. Ƙauyen da ba maƙeri, manominsa zai yi tafiyar yini don a gyara masa fartanya, a daidai lokacin da damina ba ta jira. Garin da ba rumbu cike, fari ɗaya ya isa ya tarwatsa shi. Hanyar da ba aminci, madugu zai karkata ayarinsa wani wuri, marina da majema su zauna da kaya ba mai saye. Bello ya fahimci cewa sana'o'i a sarƙe suke da juna, kuma arzikin sarki daga arzikin talaka yake fitowa. A ganina nan ne ya fi Mandeville hangen nesa. Kwaɗayi ba abin da ake nema ba ne, ko'ina akwai shi, har a ƙasar da ta fi kowace talauci. Abin da ke ƙaranci shi ne aminci da adalci da hanya mai kyau, waɗanda idan babu su kwaɗayin fashi zai haifar, ba fatauci ba.

Bello bai ɗauki neman dukiya abin kunya ba. A wani ƙaramin littafinsa, Tanbihus Sahibi ala Ahkamil Makasibi, ya yi bayanin hukuncin neman halali, ya ɗaukaka mai cin guminsa, ya hana zaman banza da dogaro da roƙo. A aikace kuma ya kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno, ya ja hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya su yi noma da karatu. Gidan nasu ma haka yake: Shehu a Kitabul Farƙi ya soki jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki, Abdullahi kuma ya koka tun ana cikin jihadi ganin yadda wasu suka karkata ga tara dukiya da sarauta.

Ga rabon Bauchi kuma. Malam Yakubu, ɗalibin Shehu, Bageri, wanda ya kafa garinku a 1809 ya yi sarauta har 1845, yakan aika wa Bello tambayoyi. Amsoshin su ne Alƙaulul Mauhubi, sai kuma wasiyyar mulki da ya rubuta masa mai suna Algaisus Shu'ububi, dukansu da sunan Yakubu a cikin cikakken takensu. Yakubun nan ne ya tare rundunar Shehu Laminu na Barno a 1827 lokacin da ta doshi Kano. Ganuwar da ƙofofinta suka bar muku sunayen Ran da Wunti da Jahun, irin aikin da Bello ke nema daga sarakuna ce.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole in faɗe ta. Wani babban kaso na arzikin daular a kan bayi ya tsaya, su ke noma a rinji, kuma ƙasar Bauchi na cikin wuraren da aka fi kai hare-haren kamo su. Jikokin al'ummomin da abin ya shafa maƙwabtanka ne a yau, wasu ma a aji ɗaya kuke. Wanda zai yabi tsarin Bello ya tsallake wannan bai yi wa tarihi adalci ba, kamar yadda mai yabon Mandeville ba zai ɓoye abin da ya faɗa a kan 'ya'yan talakawa ba. Haka kuma kada ka ɗora wa Bello rawanin da bai nema ba. Malamin fiƙihu ne kuma shugaba, ba ka samun lissafin farashi ko ƙa'idojin kuɗin ruwa irin na littattafanku a wurinsa. Tambayar da ya sa gaba ita ce mene ne haƙƙin talaka a wuyan mai mulki, kuma ita ce tambayar da har yanzu manomin Bauchi ke yi duk ranar da taki ya yi tsada ko hanyar gona ta zama abin tsoro.

Shawarata gare ka, ka ci gaba da karanta Mandeville da Smith sosai, sannan ka nemi na gida. Ana adana rubuce-rubucen malaman Sakkwato a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, an kuma fassara Usulus Siyasa zuwa Turanci. Idan Larabcinka bai kai ba, ka sami malamin zaure a unguwarku ku zauna a kai tare. In lokacin rubuta kundin kammala karatunka ya zo, ka duba wasiƙun Bello zuwa ga Yakubu, domin ɗan Bauchi ya fi kowa cancantar yin wannan aiki. Allah Ya ba da sa'a.