Idan aka miƙo maka kwiri: shawara ga ma'aikatan Gafasa da kewaye

Malamin firamare ko ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi a Gafasa, da zarar takardar tuhuma, wato kwiri, ta iso shi daga sakatariyar Ajingi, yakan linke ta ya cusa a aljihu, ya hau babur sai gidan kansila ko dagaci, a taya shi ba da haƙuri. Ban raina kamun ƙafa ba, amma roƙon da aka yi a zaure ba ya shiga fayil. Ranar da kwamitin ladabtarwa ya zauna, takardu zai duba, in ya ga kwiri babu amsa sai ya ɗauka ba ka da ta cewa.

Saboda haka ka amsa a rubuce, cikin wa'adin da aka sa a takardar. A dokokin aikin gwamnatin tarayya awa 72 ne, kuma kwirin jiha da na ƙaramar hukuma ma ba su cika ba da dogon lokaci ba. Ka bi zargin ɗaya bayan ɗaya. In an ce ka yi fashin aiki ranar kaza, faɗi inda kake, ka maƙala katin asibiti ko takardar izini. In kuwa gona ka tafi da damina ta kankama, kada ka ƙaga ciwon da ba ka yi ba, domin ƙarya a rubuce laifi ne na biyu, wani lokaci ta fi na farkon nauyi. Ban da zagi, ban da habaici ga hedimasta.

Ga abin da aka fi sakaci da shi: ka yi hoton amsar kwafi biyu, magatakarda ya buga hatimi ya sa kwanan wata a kan naka. Ka haɗa shi da takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma da shaidar karatu, ka ƙulle a leda inda gara da yoyon damina ba sa kaiwa. Wanda ya ga tantancewar 2023 ya san amfanin wannan. A watan Nuwamba na shekarar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sanar da sallamar ma'aikata 3,234 daga cikin waɗanda gwamnatin Ganduje ta ɗauka, ta maido da sama da 9,000 bakin aiki, kuma takardu ne suka raba gardama.

Ka kuma san mai hurumi a kanka. Malamin firamare na ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ta hannun sakataren ilimi, ma'aikacin ƙaramar hukuma daga mataki na 7 zuwa sama kuwa hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi da ke Kano ce ke iya korarsa. Shugaban sashe ya ce maka da baki "kada in ƙara ganinka", wannan ba kora ba ce. Ka ci gaba da zuwa kana sa hannu a rajista. Dakatarwa ma ba kora ba ce, bincike ne bai ƙare ba.

In an kira ka gaban kwamiti, sanar da wakilin ƙungiyarku, NUT ko NULGE, tun da wuri, ka nemi a nuna maka takardun da aka dogara da su. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka haƙƙin a saurare ka. Tun shari'ar Shitta-Bey a 1981 Kotun Ƙoli ta nuna cewa ma'aikacin gwamnati da aka raba da aikinsa ba bisa ƙa'ida ba ana iya maido shi.

Kada ka raina abin, don kora takan tafi da garatuti da fansho. In ta tabbata, ka ɗaukaka ƙara ga hukumar da ke da hurumi a kanka a rubuce, sannan ka ga lauya. Kotun ma'aikata ta ƙasa ce ke sauraron irin wannan ƙara, kuma tana da reshe a Kano. Lauyoyin gwamnati sukan kafa hujja da dokar da ta ƙayyade wata 3 don ƙarar jami'an gwamnati, don haka, Malam, kada ka bari wata 3 ta cika kana jiran alkawarin wani babba.