Lefe da Itacen Goriba

A Kano akwai wani babban titi a Fagge, kusa da Sabon Gari, ana ce da shi Titin Ibrahim Taiwo. Sunan wani soja ne, gwamnan Jihar Kwara, wanda aka kashe a 1976. A gefen titin nan kasuwar Kantin Kwari ta ke, inda a ke sayad da tufafi. Kullum za ka ga mata sun zo sayen atamfa da leshi, in ka tambaye su, su ce lefe su ke haɗawa. To, yara, mene ne lefe tun asali?

Lefe wani ɗan kwando ne da a ke saƙawa da kaba. A cikinsa mata su kan ajiye audugar kaɗi, a cikinsa kuma a kan zuba tufafin da dangin ango za su kai gidan amarya. Yanzu a akwati a ke zuba su, amma sunan yana nan.

Kaba kuwa ganyen goriba ce. Kun dai san 'ya'yan goriba, waɗanda ku ke gwaigwaya har muƙamuƙi ya gaji. Itacen ba shi da wuyar ganewa. Giginya da dabino miƙewa su ke yi sambal, amma goriba in ta yi tsawo sai ta rabu biyu, kowane reshe kuma ya sake rabuwa. Tana son ƙasa mai rairayi, inda ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashi. A ƙasar Maradi, cikin Jamhuriyar Nijar, akwai wani kwari da a ke kira Gulbin Kaba saboda yawanta.

Masu yankan kaba su kan shiga daji su yanko sabon ganye tun bai buɗe ba, su shanya shi ya bushe. Mai saƙa sai ya tsattsaga shi siri-siri, ya yayyafa masa ruwa don ya yi laushi, gama busasshiyar kaba karyewa ta ke yi. In yana son ado, ya rina wani sashi ja da karan dafi. Ba a saƙa tabarma gaba ɗaya. Doguwar saƙa a ke yi, mai faɗin tafin hannu, sa'an nan a ɗinke ta gefe da gefe har ta kai faɗin da a ke so. Aikin yana cin kwanaki, kuma wurin ɗinkin nan a ke gane gwani. Da kaba har wa yau a ke yin igiya, da malafa, da mafici, da ita a ke naɗe ciyawar faifai.

Yau tabarmar roba ta cika kasuwa. Gaskiya tana da araha, kuma ana wanke ta. Amma in ta sha rana zafi ta ke ɗauka, in ta tsufa kuwa ba ta ruɓewa, sai ta zama shara a kwata. Ta kaba in ta mutu takin gona ce.

Ita goribar ma tana da nata haɗari. In ana yanke tohonta kowace shekara ba hutu, ba za ta zama itace ba, sai ta tsaya 'yar guntuwa a ƙasa, ba inuwa, ba 'ya'ya. Ba goriba kaɗai ba, ƙirya da a ke sassaƙa turmi da ita, da aduwa da a ke yin allo da ita, duk sun ragu kusa da manyan garuruwa. Tun wajen 1984 manoman ƙasar Maradi suka soma wata dabara da su ke kira sassabin zamani. In suna sharar gona ba su sare toho duka, sai su zaɓi masu ƙarfi su bar su su girma.